Babi na Shida: Katakon Roba da Ranar Zariya

A bakin titin da ya wuce ta ƙofar harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da sha'anin mulki, kujerun roba na masu shaguna suna nuna aikin rana ƙarara. Ja ta koma ruwan hoda, shuɗiya ta yi fari-fari, in aka shafa bayanta sai gari ya biyo yatsa, wata rana kuma ƙafarta ta ɓalle da mutum a kai. A saman gine-ginen unguwar kuwa ga baƙaƙen tankunan ruwa, waɗanda ba su san inuwa ba tun daga hantsi har la'asar, amma sai su yi shekara da shekaru ba su tsage ba. Robar kujera da robar tanki dangin juna ne. Abin da ya raba su shi ne abin da aka zuba a cikinsu tun a masana'anta: an cakuɗa wa tankin baƙin gari irin na kunkunniya, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, shi ke shanye hasken rana tun a fatar tankin kafin ya ratsa ciki.

Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar wani sabon kayan gini da ya shigo kasuwannin Arewa a 'yan shekarun nan, wanda 'yan kasuwa ke kira WPC, wato katakon roba. Ana samunsa a kasuwar Dei-Dei ta Abuja da Ƙofar Ruwa ta Kano, yawancinsa daga China aka shigo da shi, yana kuma isowa Zariya a matsayin allon ƙawata bango, ƙofa, shinge, benci da daɓen baranda. Garin katako ne, galibi rabi ko fiye da rabin nauyin allon, ake dama shi da narkakkiyar roba, a tura shi ta bakin injin ya fito da siffar da ake so. Mai sayarwa zai ce gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, ba ya son fenti. A maganar gara da ruwa yana da gaskiya mai yawa, kuma a garin da gara ke iya cinye ƙyauren katako cikin damina biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganar rana ce ba kasafai ake kawo ta ba.

Masu wannan sana'a a Amurka sun sha wahala kafin su koyi darasin. Kamfanin Trex, wanda ya fi kowa suna a harkar, ya samo asali ne daga wani mai harhaɗa sinadarai, Roger Wittenberg, da ya fara gauraya garin katako da yagaggun ledoji a ƙarshen shekarun 1980. Kamfanin Mobil ya sayi fasahar a 1992, sannan wasu manyan ma'aikatansa suka fanshe ta a 1996 suka tsaya da ƙafarsu. Allunan farko tsirara suke, garin katakon yana leƙowa a samansu. Kamfanin da kansa yana gaya wa masu saye cewa launin zai sauka cikin watanni uku zuwa huɗu na farko kafin ya tsaya. Duk da haka ƙorafi ya yi yawa har ya kai kotu, kuma a 2013 kamfanin ya yi sulhu a wata ƙarar haɗin gwiwa da masu gidaje suka shigar kan koɗewar launi da fumfuna. Kafin nan, wajen 2010, ya riga ya fito da sabon samfuri mai riga, wato siririn ɓawon roba zalla da ke lulluɓe allon, tare da alkawarin shekara 25 ba koɗewa. Yau manyan kamfanonin duniya sun koma ga mai riga, amma ba a daina yin tsirarar ba, domin ya fi araha, kuma kasuwannin da ba a cika tambaya ba su ne mazubarsa.

Ɓarnar tana farawa ne daga wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙarfin ranar da ke isowa ƙasa ba, amma shi ne mai iya tsinka igiyoyin da suka ɗaure sinadarai. A cikin itace akwai wani abu mai suna lignin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa, wanda ke manne zaruruwan itacen wuri guda yana kuma ba shi launin ruwan ƙasa. Shi ne ya fi komai shan UV. Idan ya sha sai ya farfashe, ya fara yin rawaya, daga baya ya yi fari. Robar da ke kewaye da garin katakon ita ma tana nata ciwon: dogayen sarƙoƙinta suna gutsurewa, fatarta ta ƙanƙance ta yi tauri, sai ƙananan tsagu su buɗe. Hasken kansa ba ya shiga itace da nisa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Shi ya sa allon da ya koɗe a sama, in aka yanka shi, cikinsa yana nan da launinsa na ranar farko.

Da abin ya tsaya nan, da ado kaɗai aka rasa. Ruwa ne ke ƙarasa aikin. A cibiyar binciken kayan itace ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin, Nicole Stark da abokin aikinta Laurent Matuana sun yi shekaru tun daga farkon 2000 suna gasa irin waɗannan alluna a injin da ke kwaikwayon rana da ruwan sama. An gano cewa allon da aka haska kawai bai koɗe kamar wanda aka haska ana kuma fesa masa ruwa ba. Ruwan yana wanke farfasasshen lignin ya bar farin zare a fili, ya shiga tsagun ya kumbura garin katakon, kumburin ya ƙara yage robar, sabon wuri ya buɗe wa rana. An kuma ga cewa allon da aka kankare samansa, garin katakon ya fito fili, ya fi saurin fari a kan wanda fatarsa ke da wadatar roba.

Wanda ya san shekarar Zariya zai ga kamar don ita aka tsara wannan gwaji. Garin yana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, a tudun da ya haura mita 600 daga teku, kuma kowane mita 1000 na tudu yana ƙara ƙarfin UV da kusan kashi 10 cikin 100. Sau biyu a shekara, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta, rana tana tsayawa daidai tsakar ka, abin da ba ya taɓa faruwa a Florida ko Arizona, inda kamfanonin Amurka ke shanya kayansu don gwaji. A bazara ma'aunin UV kan kai 11 ko ya wuce, matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun mafi tsanani. Allon da aka kafa a watan Nuwamba zai fara da hunturu. Ƙurar tana rage kaifin hasken, amma iskar ta bushe ƙayau, ƙurar kuma tana cika kowane rami a fatar allon. Daga nan sai Maris da Afrilu su gasa shi, samansa ya yi zafin da ba a iya taka shi ba takalmi. Yana gama farfashewa sai damina ta sauka, ruwan da ya kai milimita 1000 ya zubo tsakanin Mayu da Oktoba, ya wanke abin da rana ta saki. Shekara ta zagayo a sake sabon lale.

Alkawarin shekara 25 da aka buga a kwali, in ma na gaske ne, ba da wannan zagaye aka auna shi ba.

Magina na cikin birni sun daɗe da sanin wannan rana, kuma akwai abin koyi a yadda suka bi da ita. Lokacin da Babban Gwani Mikaila ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, azarar giginya ce ƙashin bayan bakunan da suka ɗauki rufin. An zaɓi giginya don gara ba ta sonta. Amma ko ɗaya ba a bar wa rana ba, duk an binne su cikin ƙasa. Ƙyauren gidan mai hali yakan zauna can cikin kaurin bangon zaure, a kuma lulluɓe shi da sillayen ƙarfe. Shi kansa bangon ana yi masa riga: yaɓen da aka kwaɓa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Magini ya san rigar za ta ci, an yi ta ne don ta ci a madadin abin da ke ciki, kuma bayan 'yan shekaru za a sake ta. Injiniyan da ya ƙirƙiro allo mai riga wannan hanyar ya bi, da wasu kayan.

Akwai wani abu kuma a jikin ganuwar Zariya da ya shafi zaɓen launi kai tsaye. Abin da ya rage na ganuwar a wajen Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan ya zaizaye, ya rushe a wurare, amma jan ƙasarsa bai koɗe ba cikin ɗaruruwan shekaru. Launin jar ƙasa daga tsatsar ƙarfe yake, ita kuwa ta riga ta gama haɗuwa da iska, rana ba ta da abin da za ta ƙara yi mata. Wannan sinadari shi ne mafi aminci cikin launukan da ake zubawa a katakon roba, ja-ja ko ruwan ƙasa ko rawaya mai duhu. Launuka masu ɗaukar ido, irin jan kujerun biki, galibi daga wani jinsin rini suke wanda UV ke tsinkawa da wuri. Binciken Stark da Matuana na 2003 ya nuna cewa launi mai kauri da sinadarin da ke shanye UV sun fi hana allo yin fari a kan sinadaran da ake kira HALS, waɗanda kamfanonin Sankyo na Japan da Ciba-Geigy na Suwizalan suka fito da su a shekarun 1970. HALS robar suke karewa daga tsagewa, ba sa tare wa garin katako haske. Allo nagari yana buƙatar duka biyun.

Za a iya zaton baƙi ne mafita, tunda shi ya ceci tankin ruwa. Ga roba zalla haka ne. Ga allon da ba shi da riga kuwa, ƙwayoyin katakon da ke sama za su yi fari ko da robar ta zauna baƙa, sai ya fito da furfura wadda ta fi fitowa fili a kan duhu. Ga kuma zafi, wanda ke hanzarta lalacewar roba ya kuma sa allo ya lanƙwashe. A Zariya launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka mai haske ya fi dacewa da duk abin da za a shimfiɗa a fili.

Kuskuren da ya fi tsada ana yinsa ne tun a shago. Alluna masu tsaga-tsaga da ake ƙawata bangon falo da bayan talabijin da su, yawancinsu na cikin ɗaki ne. Cikinsu roba ce nau'in PVC mai sauƙin nauyi, zanen itacen da ke kansu kuma wata siririyar leda ce da aka buga aka manna. Suna da kyau a inda aka yi su dominsa. Da yake sunansu ɗaya da na waje, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba, sai a ɗauke su a lulluɓe fuskar shago ko ginshiƙin ƙofar gida. Rana za ta koɗar da zanen, zafi ya saki mannin, ledar ta fara ɗagowa daga gefe, allon ya yi ciki. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma mai shagon da ya yi wannan zai biya kafinta sau biyu. Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: na ciki ne ko na waje? Kada kuma a tsaya ga amsar baki. A nemi guntu a dubi bakin yankan. Allon waje mai riga yana da nauyi a hannu, a gefensa ana ganin wani layi daban, kaurinsa rabin milimita zuwa milimita ɗaya, wanda ya narke ya haɗe da cikin, farce ba ya iya ɗaga shi. In farce ya kama wani abu ya ɗago, na falo ne. A duba kuma ko rigar ta zagaye allon ko sama kaɗai ta rufe, domin inda ruwa ke kwanciya ƙasan ma yana buƙatarta.

Bayan saye sai wurin kafawa, kuma nan ne mai gini ke da iko fiye da yadda yake zato. Abin da ke kwance yana kallon sama, kamar daɓe da saman benci, ya fi komai shan haske. A tsaye kuwa bangon kudu ne ke karɓar ranar tsaka tun daga ƙarshen Agusta har tsakiyar Afrilu, kusan wata takwas, rani gaba ɗaya a ciki. Bangon yamma yana karɓar tasa da la'asar, lokacin da komai ya riga ya ɗauki zafi. Na arewa ya fi kowa hutawa. Tsayuwar ranar Zariya a sama tana da amfani guda: ɗan rufi kaɗan yana jefa doguwar inuwa. Ko a ƙarshen Disamba, lokacin da rana ta fi karkata, bakin rufin da ya fito mita ɗaya yana rufe kusan mita ɗaya da rabi na bangon kudu da tsakar rana, a watan Maris kuwa yana rufe bangon har ƙasa. Madaci ko dogon yaro a yammacin gida yana yin abin da ba wani sinadari da zai yi. Inuwa dai ba ta kawar da UV gaba ɗaya, domin kusan rabinsa daga faɗin sararin sama yake warwatsowa, amma tana rage shi sosai, tana kuma rage zafin. Matan da ke juya atamfa su shanya ta a inuwa lissafin da suke yi ke nan.

Kafintan da ya saba da katakon gaske yana buƙatar ya sauya hannu a wuri ɗaya. Itace ba ya miƙewa a tsawonsa saboda zafi, roba kuwa tana yi. Tsakanin sanyin asubar hunturu da tsakar ranar Afrilu, allo mai tsawon mita 3 zai iya ƙaruwa da milimita 4 zuwa 5. In an matse bakinsa da na kusa da shi, ko an danne shi da ƙusa ba wurin motsi, zai tashi ya yi doro, rigar ta tsage a wurin ƙusar, rana da ruwa su sami ƙofa. Ana barin tazara a kowane baki, a bar iska ta ratsa ta ƙasa, a ɗaure da maƙalan da aka yi dominsa.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. Ruwa da sabulu da burushi mai laushi sun isa, musamman a ƙarshen hunturu kafin ruwan farko ya mayar da ƙura taɓo, da kuma ƙarshen damina don fumfuna. Ruwan bilic yana ƙara farar da garin katako, fetur da kananzir suna taɓa roba. Baƙin man injin da ake shafa wa katakon rufi don gara ba shi da aiki a nan sai tabo. Manja da man gyaɗa suna shiga allon da ba shi da riga in ba a goge su nan take ba, abin da mai shayi da mai tsire ya kamata su sani kafin su sayi benci, haka ma garwashi, domin robar tana narkewa a wajen digiri 130. Tukunyar fure ko tabarmar da ta zauna wuri ɗaya wata da watanni za ta bar hotonta, don haka a riƙa gusar da su.

Allon da ya riga ya koɗe, gyaransa ya danganta da irinsa. Wanda ba shi da riga yana karɓar fenti na ruwa da aka yi don waje, bayan an wanke shi ya bushe sarai, kuma fenti mai launi ya fi man ƙyalli na kafintoci, wanda haske ke ratsawa ya lalata abin da ke ƙarƙashinsa har ya ɓare. Sai dai daga ranar da aka shafa, an shiga layin masu sake yaɓe duk bayan 'yan shekaru. Mai riga kuwa ba a goge shi da takardar gugar katako, ba a kuma yi masa fenti. Gugar tana cire abin da ke kare shi, fentin kuma ba ya kama fatarsa.

Zariya ba mai saye kaɗai ya kamata ta zama ba. Garin katako yana tashi tsibi-tsibi a wurin 'yan katako, ledar ruwan sha ta toshe magudanu, 'yan jari bola suna tara roba ana kai wa masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano. A Samaru jami'a tana da sashen nazarin roba da saƙa, a Basawa kuma ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, kuma ɗalibai sun daɗe suna gwada haɗa tsohuwar roba da garin katako ko ɓuntun shinkafa. Wanda zai mayar da wannan sana'a dole ya san cewa ledar da ta kwana watanni a bola rana ta riga ta fara cinta, kuma raunin yana bin ta cikin sabon allo ya zama wurin da lalacewa za ta fara. Tsohuwar roba ta fi sabuwa buƙatar launi mai kauri da sinadaran kariya, kuma su ne suka fi tsada a haɗin, su ne kuma ake fara ragewa in ana neman riba, domin mai saye ba ya ganin rashinsu sai bayan shekara.

Gwajin da zai tona wannan ba ya buƙatar injin Wisconsin. Ɗan kasuwa ko magini a Kongo zai iya karɓar guntu daga kowane samfurin da ake kawo masa, ya rubuta sunan kamfani da kwanan wata a bayansa, ya rufe rabinsa da guntun kwano, ya ɗaure su a kan rufi suna ɗan karkata zuwa kudu. In ya ɗora su a farkon Maris ya sauke a ƙarshen Oktoba, sun ga bazara sun ga damina. Ya cire kwanon ya gwada ɓangarorin biyu, ya shafa ya ga ko gari zai biyo yatsa, ya ɗiga ruwa ya ga ko zai tsaya ko zai shige. Samfurin da ɓangarorinsa biyu suka kusa zama ɗaya shi ne zai sa wa abokan cinikinsa a bangon kudu da na yamma, sauran kuma ya sayar da su don cikin ɗaki.